Ranar da Baba Ya Je Sauraron Dodon Koɗi

Jama'ar wannan zaure, barkanku da warhaka. Masu aiko mini da saƙo suna cewa "Hajiya Haulatu, kin bar mu a rataye", to ga ni, ku gyara zama. Sai dai duk wadda ta san tana ƙyamar dodon koɗi ta gama cin abincinta tukuna, kada ta ce ban faɗa mata ba.

Don waɗanda yau suka shigo, ni ce 'yar fari a gidan Alhaji Gimba, mai wake da albasa a kasuwar Ogbete. A Inugu aka yanke mini cibiya, a unguwar Obiagu na yi rarrafe. Da rikici ya ɓarke muka gudu Arewa daga mu sai kayan jikinmu. Da yaƙin basasa ya ƙare Baba ya ce shi fa a nan ya san kan ciniki, muka tattaro muka dawo. Gidanmu muka tarar ko cokali bai ɓata ba, domin maƙwabciyarmu Mama Obioma ce ta riƙe makullin, har gwanda ta shuka mana a bayan ɗaki.

Shekarar da nake ba ku labari, wato 1976, kuɗin fetur ya cika gari. An biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, kan kowa ya ɗau zafi. Masinja ya sayi Vespa, malamin makaranta ya sayi firiji alhali gidansa babu wuta, samari suka tara suma har hula ta ƙi zama. Ni kuwa ina da shekara ashirin da ɗaya, na gama sakandare, na samu aiki a makarantar koyon likitanci. Kullum da safe in ɗaura atamfata, in zizara kwalli, in shafa Bintu Sudan, in hau takalmi mai tudu wanda Inna ke kira "ɗauke ni in faɗi", in ratayo farar riga a hannu. Farar rigar nan ita ta ruɗi gidanmu. Duk baƙuwar da ta zo sai Inna ta ce, "Yarinyar nan ai aikin asibiti take yi." Ba ta kama sunana, kun san kunyar 'yar fari. Har yara ake kawo mini in duba musu ƙurji.

Gaskiyar magana kuwa, marasa lafiyar da nake jinya duk a cikin kwando suke. Aikina shi ne in ciyar da dodon koɗi da ganyen gwanda, in yayyafa musu ruwa, in wanke kwalabe, in haɗa ruwan gishiri yadda aka auna mini. Ban yi wa kowa ƙarya ba, ban dai gyara wa kowa zance ba.

Shugabana a wurin aiki shi ne Malam Awwalu. Asalinsu Indabawa ta Kano, amma a Fatakwal aka haife shi, shi ya sa in Hausa ta ƙwace masa sai ya cike da buroka. Gwamnati ta tura shi karatu waje, ya dawo ana rububinsa da ayyuka masu gida da mota, shi kuwa ya zaɓi ɗaki mai duhu da kwandon dodon koɗi. Dogo ne siriri mai tabarau, rigarsa kullum a goge amma maɓallin wuya a karkace. Kunya kuwa, amarya albarka.

A makon farko ya bayyana mini abin da yake nema, idonsa na kan bango. Ya ce jikin mutum cike yake da jijiyoyin da ke kai saƙo, daga ƙwaƙwalwa har yatsan ƙafa, amma ba zare ɗaya ba ne miƙaƙƙe. Ƙwaya ce bayan ƙwaya, kuma ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace biyu akwai 'yar rata da ido ba ya gani, Turawa na ce mata sinaps. In saƙo ya iso bakin ratar ba ya tsallakawa da kansa, sai ƙwayar farko ta fesa wani sinadari, ya haye, ya taɓa ta biyu. Yadda ta biyun ke karɓar taɓin nan shi ne abin da ya sa a gaba. Shi kuwa dodon koɗi Allah ya hore masa ƙwayoyin jijiya manya-manya, har a iya soka wa guda ɗaya allura a saurara. Dalilin zamansa abokin aikinmu ke nan.

'Yan matan yanzu, ku gode wa Allah da wayar hannu. Mu saƙonninmu a baƙin allo suke, da alli. In na iso da safe sai in tarar an rubuta: "Haulatu, a ba su ganye. Akwai burodi a durowa." Wata rana: "An yi ruwa, matakala na da santsi, a bi a hankali." Ranar da ya rubuta "Sannu da ƙoƙari" ƙin goge allon na yi har aka tashi. Ku yi dariya, ba komai. Ni dai na karanta kalmomin nan ta gaba, na karanta su ta baya, na tafi gida da su. Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba. Amma kalmar so, ko ƙanwarta, ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ko allinsa ba. In na shigo da sabon ɗinki sai ya kalli kwando ya ce, "Yau suna da kuzari."

Wata Lahadi bayan la'asar Baba ya kira ni. Yana kishingiɗe a kujerarsa a tsakar gida, ya rage muryar rediyo, Inna na gefe tana tsintar wake a faifai tana yi kamar ba ta ji. Na durƙusa.

"Haulatu."

"Na'am, Baba."

"Cikin sa'o'inki wa ya rage a unguwar nan bai yi aure ba?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin gyale. Amsar ai ita ce durƙushe a gabansa.

"Ni ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba, kin san halina. Amma nan mu 'yan kaɗan ne, kuma duk wanda ya yi sallama sai kin samo masa aibu. Wancan gajere, wancan yana tauna goro da ƙara. To bayan Babbar Sallah motar albasa za ta koma Gusau. Za ki bi ta wurin Gwaggonki Tabawa. Can akwai dangi, akwai jama'a, ki zauna har Allah ya kawo naki."

"Baba, aikina fa?"

"Asibiti ai ko'ina akwai shi."

Gwaggo Tabawa mace ce ta kirki, amma a gidanta muka zauna lokacin gudu, na san abin da ke jirana: surfe, daka, da wa'azi a kan tsawon takalmi. Babu allo a can, babu mai tabarau.

"Sai dai fa," in ji Baba, "in akwai wanda kike so. Ki faɗa, mu bincika."

Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya buɗe da kansa.

"Akwai."

Faifan Inna ya tsaya cak.

"Wane ne?"

"Sunansa Awwalu. A wurin aikinmu yake."

"Likita ne?"

"Kusan haka ne, Baba."

"Kun daidaita?"

Na gyaɗa kai. Allah ya gani, kan ma da kansa ya gyaɗu.

"To madalla. Baffanki Kallamu zai bincika mana." Ya ƙara muryar rediyonsa, alamar an sallame ni.

Na shiga ɗaki na faɗa kan gado na cusa fuska a matashi. Baki shi ke yanka wuya. Na ba da sunan mutumin da abin da ya fi kusa da zance da ya taɓa yi mini shi ne gargaɗi a kan matakala.

Washegari na tafi aiki da niyyar in faɗa masa komai. Tun a hanya nake bitar kalmomin.

"Malam, akwai wata magana."

Ya ɗaga mini hannu, idonsa a kan madubin da ke ƙara girman abu, yana sauke allura a hankali. Na jira. Da ya gama ya juyo, ya kalli wani wuri kusa da kunnena.

"Ina jin ki."

"Ganyen… ganyen ya kusa ƙarewa."

"No wahala, gobe a ƙaro."

Haka na yi ta yi. Yau ganye, gobe sabulu, jibi in ce kamar ɗaya daga cikin dodannin ba shi da lafiya. Wace mace ce za ta dubi namiji ta ce, "Af, na manta ban gaya maka ba, gidanmu sun san kai ne mijin"?

Ni ina nan ina jan ƙafa, Baffa Kallamu kuwa ya ɗaura ɗamara. Ƙanin Baba ne, yana sayar da awaki a bayan kasuwa, amma binciken aure shi ne sana'arsa ta gaskiya. Duk Hausawan Inugu shi suke turawa. An ce ya taɓa tsayar da wani aure don ya gano kakan ango ba ya mayar da aron gatari.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya shigo gidanmu, ko ruwa bai sha ba. Ina madafi ina kwashe tuwo, na kasa kunne ta bayan ƙofa.

"Yaya, asali dai babu laifi. Na tambayi mutanen Fatakwal masu zuwa sayen awaki, sun san gidansu, mutanen kirki ne. Salla ma yana yi, yanzu na baro shi a sahu. Amma sana'ar, Yaya… innalillahi."

"Faɗi mana."

"Na bi shi kasuwa. Ya wuce layin nama, ya wuce layin kifi, ya je ya tsaya wurin matan nan masu dodon koɗi. Yana ɗaga su ɗaya-ɗaya yana leƙa fuskarsu. Matar ta ce masa, 'Oga, make I break am?' Ya ce a'a, kada ta fasa, da ransu yake so. Na ce to ko ci yake yi, in ya so mu yi masa nasiha. Da ya tafi na matsa na tambayi matar. Ta ce ba ya ci. Ta ce, 'E dey carry am go ask question.' Tambayoyi yake yi musu, Yaya!"

Na ji Inna ta saki salati.

"Ban tsaya nan ba. Na bi shi har makarantar, na ba mai gadi goro, na zagaya na leƙa ta inda labule ya ɗan yaye. Ɗaki baƙi ƙirin da rana tsaka. A bakin ƙofa an tuɓe takalma, kuma ba masallaci ba ne. A ciki ga wani keji na waya, ga wata koriyar wuta tana rawa. Ya sunkuya yana soka wa abin allura, sai na ji da kunnuwana biyu abin yana amsa masa ta cikin akwati, ƙas, ƙas, ƙas. Shi kuma yana gyaɗa kai yana rubutawa. Yaya, a zamanin nan da kowa ke neman kuɗin dare ɗaya, me ya rage a faɗa?"

Baba ya gyara zama.

"Kuma takalman da ke bakin ƙofar," Baffa ya rage murya yadda duk unguwa za ta ji, "ɗaya irin mai tudun nan ne."

Mara ta suɓuce mini ta faɗa cikin tukunya.

Baba ya kira ni. Na fito na durƙusa ina ta zuba bayani, jijiya, rata, sinadari, duk suka cakuɗe a bakina har ni ma na fara jin kamar tsafin nake karewa. Inna sai hawaye take yi tana cewa, "Ashe ganyen gwandata can yake tafiya."

"Asibitin naki ke nan?" Baba ya tambaya. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Baba, wallahi ilimi ne."

"Gani ya kori ji. Ranar Litinin zan je da ƙafata. In na tarar da abin da Kallamu ya faɗa, ba sai an jira Sallah ba, motar wake ma tana zuwa Gusau."

Ku lura fa, tsafin bai dame ni ba, na san duk wanda ya tsaya ya gani zai gane. Abin da ya hana ni cin tuwon ranar shi ne Baba zai tsaya gaban "surukinsa", shi kuwa surukin bai san an ba shi sarautar ba. Ban san gidansa ba, in ma na sani wace 'yar mutunci ce za ta je? Na yanke shawarar ranar Litinin in yi sammako in riga kowa isa, in faɗa masa ko da zan mutu don kunya.

Ranar Litinin na fito saɗaf-saɗaf, takalmi a hannu, sai na tarar da Baba a zaure. Ya sha babbar riga ta shadda ruwan toka, ya kafa zanna, yana ƙamshin turaren Juma'a. Baffa Kallamu na gefensa da carbi mai dubu.

"Madalla da kika shirya da wuri," in ji Baba. "Tare za mu tafi."

A tasi aka saka ni a tsakiya kamar wadda za a kai kotu.

Da muka isa ƙofar ɗakin na tuɓe takalmi. Baba ya dubi Baffa, Baffa ya dube shi da idon "ka gani ko". Sannan Baba ya yi bismillah ya tuɓe nasa. Baffa ya ce shi a nan bakin ƙofa zai tsaya, don a samu mai kai labari gida.

Malam Awwalu ya ɗago ya ga babbar riga a ɗakinsa, ya miƙe har kansa ya bugi kejin.

"Malam, Babana ne," na faɗa da sauri. "Ya zo ganin aikinmu." Na ƙifta masa ido, na ƙifta, na sake ƙiftawa. Da ma bango na ƙifta wa.

Ya zube ƙasa. "Barka da asuba, ranka ya daɗe. An zo lafiya? Ya gida, ya iyali? Ya kasuwa?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya aiki? Ya mutanen Fatakwal?"

Ya ɗan yi turus jin an san garinsu, amma murna ta rufe shi. Tunda ya fara aikin nan babu babban mutumin da ya taɓa takowa ya gani. Kuma abin mamaki da mutumin nan, in dai zancen jijiya ne kunyarsa tafiya take yi.

Baba bai yi kwana-kwana ba. "Me ya sa ake tuɓe takalmi?"

"Allurar ce, ranka ya daɗe. Ta gilashi ce, bakinta ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba. In aka taka ƙasa da ƙarfi sai ta girgiza ta fice daga ƙwayar, aikin yini ya lalace."

"Kejin fa? Me aka tsare a ciki?"

"Ba na ciki aka tsare ba, na waje aka hana shiga. Wayoyin lantarkin da ke bango suna da nasu surutun, shi kuwa abin da muke saurare muryarsa ƙarama ce ƙwarai. Duhun kuma don a ga layin nan sosai." Ya nuna na'ura mai fuska irin ta talabijin, koren layi kwance a tsakiyarta.

Ya gyara wa Baba kujera a gaban madubi. Baba ya ture hula baya, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Waɗannan masu kama da ƙwayar gero fa?"

"Su ne ƙwayoyin jijiyarsa. Sai mun sa shi a ƙanƙara ya yi barci sannan mu fito da su. Ruwan da suke kwance a ciki Haulatu ce ke haɗawa, in ba ta nan aikin ba ya tafiya."

Na ji daɗi har tafin ƙafata, amma ba lokacin jin daɗi ba ne.

"Yanzu ka duba layin, ranka ya daɗe. Allurar na cikin ƙwaya ɗaya. Zan taɓa maƙwabciyarta, ita kuma ta aika mata saƙo ta ratar da ke tsakaninsu."

Ya danna maɓalli. Koren layin ya yi ɗan tudu, ya koma ya kwanta.

"Ka gani? Ta ji, amma ba ta tashi ba. Saƙo ɗaya bai isa ba."

Ya jira, ya sake dannawa. Wani ɗan tudun, ya sake kwanciya.

"In da tazara, na farko ya huce kafin na biyu ya iso. Kamar mai cika ƙwarya mai huji ne, in yana zubawa a hankali ba za ta taɓa cika ba. Amma duba."

Ya danna da sauri a jere. Tudu ya hau kan tudu, ya hau kan tudu, sai kawai layin ya yi tsalle har saman fuskar na'urar, lasifika ta ce ƙas!

"A'uzu billahi!" Muka ji Baffa ya yi baya ya taka takalmana.

"Ta kai iyakarta ke nan," in ji Malam Awwalu, fuskarsa kamar an yi masa albishir. "In ta kai, sai ta tashi gaba ɗaya ta miƙa saƙon gaba. Babu rabin tashi. Ƙarar da aka ji ita ce, na'ura ce ta mayar da ita sauti."

"Sake in gani," in ji Baba.

Ya sake. Sannan ya taɓa wata jijiyar dabam, sai layin ya lotsa ƙasa maimakon sama.

"Wannan kuma hana ta take yi. Kowace ƙwaya tana da masu ce mata tashi da masu ce mata zauna. Sai ta haɗa duka, wanda ya rinjaya shi za ta bi."

Baba ya waiwaya ya dubi bakin ƙofa. "Ikon Allah. Ashe har a kan dodon koɗi akwai masu zugawa da masu hanawa."

Baffa ya yi kamar da carbinsa ake.

"To amfaninsa fa, Malam? Don na san ba don dodon koɗi gwamnati ke biyan ka ba."

"Yadda nasa ke magana haka namu ke yi, ranka ya daɗe. Wani dafin macijin ratar nan yake toshewa, sai jiki ya saki. Farfaɗiya kuma, a iya abin da aka gano, masu cewa tashi ne ke fin ƙarfin masu cewa zauna, sai ƙwayoyi da yawa su tashi lokaci guda. In aka gane yadda maganar ke tafiya, wata rana za a san inda za a gyara."

Muna da ƙane, Idrisu, wanda farfaɗiya ta yi ajalinsa a Gusau lokacin gudu. Ba a zancensa a gidanmu, kuma Malam Awwalu bai san da shi ba. Na ga Baba ya kafa wa koren layin ido, ya kai hannu ya shafa gemunsa, sai tausayinsa ya kama ni har na manta da tawa damuwar.

"An ce mana iska ce," ya faɗa a hankali.

"Allah shi ne masani, ranka ya daɗe. Mu dai abin da ya nuna mana ke nan, kuma da sauran tafiya."

"Allah ya taimaka." Baba ya miƙe ya gyara rigarsa, ya yi gyaran murya. "Kallamu, ka ji kunya. Wannan ai karatu ne."

"Yaya, ni abin da na gani na faɗa."

Na sauke ajiyar zuciya. Na fara matsawa wajen ƙofa ina cewa a raina, Allah ka sa a tafi haka, Allah ka sa a tafi haka, in ya so na yi azumin godiya.

"Saura magana ɗaya," in ji Baba.

Na tsaya.

"Malam Awwalu, na gani, na gamsu. Yarinyar nan ta ce mini kun daidaita. Ni kuwa ba na son dogon zance a waje, ba tarbiyyar gidana ba ce. Yaushe manyanka za su zo?"

Jama'a, in kun taɓa roƙon ƙasa ta tsage ku shige, to ni na roƙe ta da sunanta. Na kafa ido a kan lallen yatsun ƙafata. Kunnuwana suka ɗau zafi. Na hango motar wake, na hango turmin Gwaggo Tabawa, na hango fuskar Baba in ya gane 'yarsa ta yi masa ƙarya a gaban ƙaninsa. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi mini ciwo.

Can na saci kallo. Malam Awwalu ya cire tabarau. Yana kallona, ba kunnena ba, ba bango ba, ni. Ban san abin da ya karanta a fuskata ba, na dai san hawaye ya riga ya cika mini ido.

Ya mayar da tabaran, ya sake durƙusawa.

"Ranar Asabar ta sama, ranka ya daɗe, in Allah ya kai mu."

"Allah ya kai mu," in ji Baba. Ya juyo gare ni. "Ke kuma tsaya ki yi aikinki, marasa lafiyarki na jira."

Suka saka takalma suka tafi. Ina jin muryar Baffa a matakala yana cewa shi fa tun farko ya ce yaron yana salla.

Aka bar ni da shi da lasifika tana 'yar ƙararta. Na rasa inda zan sa kaina. Na ɗauki kwalba na ajiye, na ɗauki tsumma na ajiye. Daga ƙarshe na juya masa baya, don ba zan iya faɗa ina kallonsa ba.

"Malam, don girman Allah ka yafe mini. Gusau za a kai ni, Baba ya tsare ni da tambaya, sunanka ya suɓuce mini. Na so in gaya maka na kasa. Na gode da ka rufa mini asiri a gabansa. Ba sai kowa ya taso daga Fatakwal ba, ni na ɗebo da zafi, zan san abin da zan faɗa a gida."

Na ji ya ja kujera, ya mayar da ita, ya sake ja.

"Wa ya ce miki rufa asiri na yi?"

Na juyo. Yana goge tabaransa da bakin riga.

"Hajiyata ta san sunanki tun azumin bara," ya ce da tabaran. "Har Anacha ta je ta sayo atamfofi ta ajiye. Duk zuwan da na yi gida sai ta tare ni a ƙofa ta ce, 'Awwalu, me yarinyar ta ce?' Ni kuma in ce mata ban tambaya ba tukuna. I no fit, kasawa nake yi. Na sha ɗaukar alli in rubuta, sai in ga na rubuta ganye."

Dariya da kuka suka taho mini tare, na toshe baki da gyale.

Ya saka tabaran a karkace, ya ɗago.

"To, Haulatu. Me yarinyar ta ce?"